Tambaya da Amsa: Idan Ka Kira, Duniya Ta Yi Shiru

Tun ranar da na ambaci Albert Camus, marubucin Faransa kuma masanin falsafa, a wannan fili, wasiƙu ba su yanke ba. Wasu ƙarin bayani suke nema, wasu faɗa suke yi mini, wasu kuma da ka karanta layi biyu za ka gane rayuwa ce ta yi musu nauyi, suka ji an taɓo inda yake musu ciwo. Na zaɓo shida, na rage tsawonsu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a. An koya mana wata falsafa ta Turai da ke cewa samuwar mutum ta riga ainihinsa. Na haddace jimlar, na ci jarrabawa da ita, amma har yau ban san abin da take nufi ba.

Amsa: Ɗana, ka kyauta da ka faɗi gaskiya, don da yawa sun ci jarrabawar sun wuce ba su waiwayo ba. Falsafar da kake nufi ita ce Larabawa suka sa wa suna wujudiyya, daga kalmar wujudi, wato samuwa, kuma da wannan suna zan riƙa kiran ta. Jimlar da ka haddace ta masanin falsafar Faransa Jean-Paul Sartre ce. Ya warware ta a wata lacca da ya gabatar a birnin Faris ranar 29 ga Oktoba, 1945, 'yan watanni bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Zauren ya cika ya batse har wasu suka suma don cunkoso. Ba za ka ji zafin maganar ba sai ka tuna su wane ne ke sauraro. Mutane ne da Jamus ta mamaye ƙasarsu daga 1940 zuwa 1944. Kowannensu ya san maƙwabcin da ya ba abokan gaba haɗin kai, ya san wanda ya ɓoye waɗanda ake farauta, ya kuma san wanda ya kau da kai kamar bai gani ba. Shi kansa Sartre ya yi wajen wata tara a sansanin fursunonin yaƙi.

Misalin da ya bayar shi ne wuƙar yanka takarda. Kafin maƙeri ya sa ƙarfe a wuta ya riga ya san abin da zai ƙera, da tsawonta, da aikin da za ta yi. Ainihin wuƙar yana cikin kan maƙerin tun ba ta samu ba. Sartre ya ce mutum ba haka yake ba. Sai an haife shi, ya tsinci kansa a duniya, sannan da abin da yake aikatawa kullum yake ƙera kansa. Ba a haifi kowa matsoraci ko jarumi ba. Matsoraci da ayyukansa ya zama matsoraci, kuma ƙofar dainawa a buɗe take gare shi har ranar da zai mutu. Sartre bai yarda da Mahalicci ba, shi ya sa ya ce babu maƙerin da ya riga ya zana mutum. A nan na rabu da shi, kuma zan dawo kan wannan a ƙasa.

Abin da ya fi zama mini a rai daga laccar shi ne labarin wani ɗalibinsa. An kashe yayan yaron a yaƙin 1940, uwarsa kuma ba ta da wani abin sanyaya rai sai shi. Ya zo yana tambaya: ya tsallaka Ingila ya shiga rundunar da ke yaƙin 'yantar da Faransa, ko ya zauna da uwarsa? Duk biyun alheri ne, kuma ɗaukar ɗaya yana nufin sakin ɗaya. Sartre ya ce masa shi mai 'yanci ne, ya zaɓa. Ya ƙara da wata magana mai kaifi, cewa wanda ka nufa don neman shawara ma kai ka zaɓe shi, kuma tun kafin ka je kusan ka san abin da zai faɗa maka. Ka duba rayuwarka za ka ga haka ne. Idan kana son a ce maka ka haƙura, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Idan kana son a zuga ka, ka san wata ƙofar. Ma'anar jimlarka ke nan a taƙaice: nauyin zaɓi ba ya sauka daga wuyanka ko da ka ɗora wa wani.

Tambaya: Malam, shekarata 43, kuma shekara 17 ke nan ina aiki a teburi ɗaya. In tashi, in shirya yara, in tafi ofis, in cike takardun da gobe za a kawo irinsu, in dawo a gajiye, in kwanta. Ba ni da wata babbar matsala. Amma kwanan nan sai in tsaya a tsakiyar aiki in tambayi kaina, duk wannan don me? Sai kunya ta kama ni, in ji kamar na yi butulci.

Amsa: Ƙanwata, ki ajiye kunyar nan. Tambayar da ta tsayar da ke alama ce ta cewa kin farka, kuma ita ce Camus ya gina littafi guda a kanta. Sunan ana furta shi Kamu. An haife shi a Aljeriya a 1913, lokacin tana hannun Faransa. Bai cika shekara ɗaya ba aka kashe ubansa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Uwarsa ba ta iya karatu ba, ba ta ji sosai, aikatau take yi a gidajen mutane. Yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya kama shi, ya raba shi da tsaron raga da yake yi a ƙwallon ƙafa, ya kuma sa ya san da mutuwa tun yana yaro. Na kawo wannan ne don ki san mai maganar ya ɗanɗana abin da yake faɗa.

A littafinsa na 1942 mai suna Tatsuniyar Sisifus, ya kwatanta ranarki kusan daidai da yadda kika rubuto ta: tashi, hawa mota, awa huɗu a ofis ko masana'anta, dawowa, barci, Litinin, Talata, Laraba, duk tafiya ɗaya. Ya ce ana bin wannan hanya cikin sauƙi shekara da shekaru, sai wata rana "don me" ta taso. Abin da ya sa wa ido shi ne saɓanin da ke tsakanin abu biyu. Mutum yana da ƙishirwar sanin dalili, yana son a gaya masa me ya sa yaro ke mutuwa, azzalumi kuma ya tsufa cikin ƙoshin lafiya. Ya kira, duniya ta yi shiru. Laifin ba na mutum kaɗai ba ne, ba kuma na duniya kaɗai ba. Haɗuwar kiran da shirun ita ce matsalar.

Ya ce mutum na iya gudu ta hanya biyu. Ko ya kashe kansa, ko ya rufe ido ya rungumi wata amsa da bai gamsu da ita ba don kawai ya samu barci. Ya ƙi duka biyun. Kashe kai a wurinsa miƙa wuya ne, an kawar da mai tambaya an bar tambayar. Sai ya ɗauko Sisifus daga tatsuniyoyin Girkawa, mutumin da alloli suka yanke wa hukuncin tura ƙaton dutse zuwa kan tsauni, da ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sauko ya sake, har abada. Camus ya ce lokacin da ya fi jan hankalinsa shi ne na saukowa, sa'ad da hannun mutumin ba komai, yana tafiya yana sane sarai da abin da ke jiran sa a ƙasa. Ya rufe littafin da cewa dole mu ɗauka Sisifus yana cikin farin ciki.

Bari in gaya miki inda na karanta wannan. Mahaifina ya yi shekara huɗu a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ni ne mai kwana da shi. Duk bayan awa biyu sai an juya shi don kada fata ta yi gyambo. In sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu, in mirgina shi a hankali, in cusa matashi a bayansa, in ja zanin gado ya miƙe, don ko ƙaramin ninki yana cin fatar wanda ba ya motsi. In shafa masa mai a diddige da gwiwar hannu. Kafin in runtsa sosai, awa biyu ta sake cika. Likita ya gaya mana tun farko cewa ba zai tashi ba. A shekara ta biyu na karanta littafin nan da hasken ƙaramar fitila, a kujerar da ke gefen gadonsa, kuma na gane saukowar da Camus ke nufi. Ita ce tafiyar da nake yi da ƙarfe uku na dare ɗauke da kwanon ruwa zuwa wurin wanki, gida tsit, ina sane cewa gobe haka, jibi haka.

Amma akwai abin da littafin bai ba ni ba. Duk lokacin da na juya mahaifina, yakan sa hannunsa mai lafiya ya riƙe wuyan hannuna, ya ɗan matsa, sannan ya saki. Maganarsa ta riga ta tafi, wannan matsawar ita ce ta rage masa. Dutsen Sisifus ba ya riƙe hannun kowa. Shi ya sa har yau ban gamsu da farin cikin da aka ce yana ciki ba, don mutum ɗaya da dutse ɗaya har abada, wannan azaba ce ko da wane suna aka kira ta. Ina ganin Camus ma ya ga gurbin, domin a 1947 ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Annoba, inda cuta ta rufe birnin Oran. Likitan labarin ya san ba zai ci galaba a kan mutuwa ba, amma kullum yana fita duba marasa lafiya tare da wasu da suka ba da kansu. Da aka tambaye shi, ya ce ba maganar jarumtaka ba ce, maganar riƙon gaskiya ce, kuma a wurinsa riƙon gaskiya shi ne ya yi aikinsa.

To ki koma teburinki ki duba takardun nan. Kowace ɗaya akwai mutum a bayanta, wanda haƙƙinsa zai fita ko ya maƙale gwargwadon yadda kika riƙe ta. Idan kin duba da gaske kika ga babu kowa a bayansu, to tambayarki na gaya miki lokacin canji ya yi, kuma shekara 43 ba ta makara ba. Abu ɗaya nake roƙon ki. In har nauyin nan ya fara hana ki barci, ya ɗauke miki sha'awar komai, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa miki, ki je wurin likita, ki kuma gaya wa wani na kusa da ke. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, littafin falsafa ba ya maye gurbinsa.

Tambaya: Malam, ni matashi ne kuma kullum raina a ɓace yake. Ko'ina na duba masu ƙarfi na take marasa ƙarfi. Wani abokina ya ce masanan nan sun ce tawaye shi ne ma'anar rayuwa, kuma sai an rushe komai kafin a gina sabo, ko da wasu za su halaka a hanya. Haka suka ce?

Amsa: Ƙanena, ɓacin ranka yana kan hanya, kuma ba zan ce ka haɗiye shi ba. Amma abokinka ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. A kan wannan rabin da ya bari ne Camus da Sartre suka ɓata, abota ta kusan shekara goma ta mutu.

A 1951 Camus ya fitar da littafin Mutum Mai Tawaye. Ya fara da bawan da ya yi ta bin umarni duk rayuwarsa, sai wata rana ya juyo ya ce a'a. Camus ya ce cikin wannan a'a akwai i. Bawan yana cewa akwai iyaka, akwai wani abu a jikina da bai kamata a taka ba. Kuma da zai yarda ya mutu a kan wannan abu, to ya nuna abin ya fi shi girma, na kowa ne, har da wanda ke riƙe da bulalar. Daga nan ya juya sananniyar maganar Descartes, wani tsohon masanin falsafa na Faransa, mai cewa ina tunani don haka ina nan, ya ce ina tawaye don haka muna nan. Ka lura da yadda "ni" ta koma "mu". To idan tawaye ya tashi ne don kare darajar ɗan Adam, ranar da ya halatta kashe marar laifi ya ci amanar dalilin tashinsa. Sauran littafin bin sawu ne na yadda juyin juya hali ke farawa da kukan wanda aka zalunta ya ƙare da gidan yari, daga masu fille kawuna a Faransa bayan 1789 har zuwa sansanonin gwale-gwale na Stalin a Tarayyar Sobiyet.

Akwai labarin gaske da ya riƙe, har ya yi wasan kwaikwayo a kansa a 1949. A watan Fabrairu na 1905, a birnin Mosko, wani matashi mai suna Ivan Kaliyayev ya tsaya a bakin hanya da bam a hannu yana jiran keken dokin Yarima Sergei, baffan Sarkin Rasha. Keken ya iso, ya ɗaga hannu, sai ya hango yara biyu a ciki tare da matar yariman. Ya sauke hannunsa, ya bar keken ya wuce. Bayan kwana biyu ya samu yariman ba tare da yaran ba ya kashe shi, aka kama shi aka rataye. Ni ban yarda da kisan da ya yi ba. Abin da Camus ya nuna shi ne sauke hannun nan, cewa ko a tsakiyar fushi mutumin ya ga fuskokin yara ya san akwai inda ba a wucewa. Ka tambayi abokinka, waɗanda ya ce za su halaka a hanya, su wane ne? Yana da sunayensu? Zai yarda ƙanwarsa ta shiga lissafin?

Mujallar Sartre ta caccaki littafin a 1952, aka yi musayar baƙaƙen maganganu a rubuce, ba su sake zama tare ba. Sartre na ganin wanda ya ƙi ɓata hannunsa ya bar azzalumi a kan kujera. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma Aljeriya ta gwada shi. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, Camus ya je birnin Aljiyas a Janairun 1956 ya roƙi ɓangarorin biyu su daina taɓa farar hula, Turawa 'yan kaka-gida masu tsattsauran ra'ayi na waje suna ihun a kashe shi. Wannan ƙarfin hali ne. Amma bai goyi bayan cikakken 'yancin Aljeriya ba, ya so a ci gaba da zama cikin wani haɗin gwiwa da Faransa, kuma a nan ina ganin ya gaza, duk da cewa shi ne tun 1939 ya rubuta rahotanni kan yunwa da talaucin yankin Kabiliya. Ko a labarinsa Baƙo, Balaraben da aka harbe a bakin teku ba a ba shi suna ba, sai a 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya rubuta martani ya kira shi Musa. Ina faɗa maka wannan don kada ka mai da kowa gunki. Duk da haka, a kan tambayarka ina tare da Camus. Shi ne wanda, kwana biyu bayan jefa bam a Hiroshima, ranar 8 ga Agusta, 1945, ya rubuta a jaridar Combat yana la'antar abin alhali duniya na tafi. Ka ce a'a, ka faɗe ta da ƙarfi, ka nemi waɗanda za ku faɗe ta tare, amma ka san tun yau abin da ba za ka aikata ba ko da an yi maka alkawarin nasara.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, na girme ka. Da iliminka da shekarunka, me ya kai ka tallata maganganun mutanen da ba su yarda da Allah ba?

Amsa: Baba, na gode da wannan jan kunne, kuma na karɓe shi da girmamawa. Ni mai imani ne. Na yi imani da ayar nan ta 115 a Suratul Muminun da ke tambayar mu ko mun zaci an halicce mu ne da wasa. Don haka ban yarda da Camus cewa shirun duniya shi ne ƙarshen zance ba, ban kuma yarda da Sartre cewa babu Mai ƙera mutum ba.

Sai dai wujudiyya ba gidan marasa addini kaɗai ba ce. Wanda ake kira ubanta, Søren Kierkegaard na ƙasar Denmak, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1855, Kirista ne mai tsananin riƙo. Faɗansa da mutanen zamaninsa shi ne sun mai da addini gado, suna cikinsa don an haife su a ciki, ba tare da ya taɓa girgiza su ba. A 1843 ya rubuta littafi guda a kan Annabi Ibrahim da umarnin yanka ɗansa, yana so mai karatu ya ji nauyin kowane taku na wannan tafiya, maimakon ya yi tsalle zuwa ƙarshen da ya riga ya sani. Gabriel Marcel na Faransa ma mai addini ne. A Masar, Abdurrahman Badawi ya kare kundin digirinsa na uku a kan wujudiyya a 1944, ya kuma nemi jijiyoyinta a rubuce-rubucen sufaye.

Kuma Baba ya fi ni sanin labarin Imam Gazali. A 1095 yana kan kujerar koyarwa mafi daraja a Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana sa ƙafa ɗaya gaba yana janye ɗaya, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, sannan ya bar komai ya fita. Wannan ita ce tambayar "don me" da ƙanwata ta rubuto a sama, ta kama babban malami a tsakiyar aji. Shi ya samu amsa, Camus bai samu ba. Abin da nake ɗauka a wurin Camus shi ne ƙin yi wa kai ƙarya, da tsayawa kusa da mai shan wahala ba tare da gaggawar yi masa bayanin dalilin wahalarsa ba. Na ga masu imani da yawa da ke buƙatar wannan darasi, ni ma ina cikin masu buƙatarsa.

Tambaya: Malam, shekarata 52. Ina da zafin rai tun ina yaro, 'ya'yana suna tsorona, in na shigo gida kowa sai ya kama kansa. Na sha cewa zan canza, ban canza ba. An ce hali zanen dutse. Shin ba haka Allah Ya yi ni ba?

Amsa: Ɗan'uwa, zan yi maka tambaya ɗaya. Ranar da shugabanka a wurin aiki ya ɓata maka rai, ka daka masa tsawa irin wadda kake yi wa ɗanka? Na tabbata ba ka yi ba. Ka haɗiye, ka ce to ranka ya daɗe. Ashe zanen dutsen nan ya san inda yake bayyana da inda yake ɓuya.

Wannan shi ne abin da Sartre ya kira yaudarar kai a babban littafinsa na 1943. Ya kwatanta wani ma'aikacin gidan gahawa da ya zuba wa ido: takunsa ya cika sauri, sunkuyawarsa ta cika yawa, yana riƙe da faranti kamar mai tafiya a kan igiya. Mutumin yana wasan zama ma'aikaci ne, yana so ya zama abin kamar yadda teburi yake teburi, don in ya zama haka ya huta da tunanin cewa kowace safiya shi ke zaɓar ya tashi ya zo. "Haka nake" tana yi maka irin wannan aikin. Tana mai da kai dutse, kuma ba a tuhumar dutse.

Ban ce abin da sauƙi ba. A rubuce-rubucensa na farko Sartre ya zuzuta 'yanci har kamar babu abin da ke ɗaure mutum. Simone de Beauvoir, abokiyar tafiyarsa, ita ta matsa masa cewa yanayi ba ɗaya ba ne, wanda aka tashe shi cikin bauta ko aka rufe masa kowace ƙofa ba shi da filin zaɓi irin na mai walwala. Daga baya shi ma ya sassauto, ya ce mutum kullum yana iya yin wani abu da abin da aka yi da shi. Wannan ta fi kusa da gaskiya. Ba kai ka zaɓi jinin da ke saurin hawa ba, wataƙila ma a gidan tsawa ka tashi. Shekara 52 na sabo ba za ta goge a mako ɗaya ba. Amma tsakanin hawan jinin da buɗe bakin akwai ɗan tsaiko, ko na numfashi ɗaya ne, kuma wannan naka ne. Ka daina alkawarin zama sabon mutum, ya yi girma, shi ya sa yake karyewa. Ka ɗauki yau kaɗai. In ka shiga gida ka ga abin da zai tayar maka, ka fita ka zaga ka dawo. Kuma ka kira babban cikin 'ya'yan, ku zauna, ka ce masa ka san suna tsoronka kuma abin yana damun ka. Zai yi maka wuya fiye da duk abin da ka taɓa yi, kuma kada ka sa ran zai saki jiki a zama na farko.

Tambaya: Malam, da gaske ne Camus ya mutu da tikitin jirgin ƙasa a aljihu?

Amsa: Da gaske ne, 'yata. Ranar 4 ga Janairu, 1960, yana ɗan shekara 46, shekara biyu da 'yan watanni bayan an ba shi kyautar Nobel ta adabi a 1957. Ya yi niyyar komawa Faris ta jirgin ƙasa daga gidansa da ke kudancin Faransa, matarsa da tagwayensu suka riga shi tafiya ta jirgin, shi kuma abokinsa Michel Gallimard ya ja shi su tafi a mota. Motar ta ƙwace ta daki bishiya kusa da ƙauyen Villeblevin. Camus ya mutu nan take, Gallimard ya bi shi bayan 'yan kwanaki.

A wurin haɗarin aka tsinci jakarsa, cikinta akwai rubutun hannu shafi 144 na littafin da bai gama ba, Mutum na Farko, labarin yarintarsa a unguwar talakawa ta Belcourt, da malamin firamaren da ya tsaya masa har ya samu tallafin karatu, Louis Germain, wanda ya rubuta wa wasiƙar godiya bayan samun Nobel. 'Yarsa Catherine ce ta fitar da littafin a 1994. A shafin farko ya sadaukar da shi ga uwarsa, ya rubuta cewa gare ki, ke da ba za ki taɓa iya karanta wannan littafi ba. Ta rasu a Aljiyas a watan Satumba na wannan shekarar ta 1960, wata takwas bayan ɗanta.